Ƙishirwa a Garin Yayyafi

A Sheffield sama ba ta gajiya da zuba,
safe yayyafi, yamma yayyafi,
har rigar sanyina ta manta yadda bushewa take.
Amma ni, Barau direban bas,
a tsakiyar wannan damina marar ƙarewa
na bushe kamar kilishi.

Hanya doguwa ce, banɗaki nesa.
Daga Hillsborough har ƙarshen layi
ba inda mutum zai raɓa ya kama ruwa,
sai na yanke wa maƙoshina hukunci:
kofin shayi ɗaya da asuba, baƙi wuluk,
daga nan sai dare.
Sanyi kuwa munafuki ne,
yana toshe bakin ƙishirwa kamar ya ba ta cin hanci,
hita na hura mini ɗumi a ƙafa
tana tsotse ni a hankali.

Jiki ya yi ta aiko da manzanni.
Ciwon kai da la'asar, na ce fitilun titi ne.
Leɓe ya tsage, na ce iska ce.
Fitsari ya ɗauko launin shayin da na sha,
na kau da kai.
Na daka wa wata tsohuwa tsawa don ta yi nawar hawa,
na dawo gida ina tambayar madubi:
wane ne wannan mai saurin fushi?

Daren Talata, ƙarfe uku,
wani abu ya murɗa wuƙa a kwiɓina.
Na durƙusa a bakin gado ina kiran Inna,
Inna da ta shekara tara a ƙasa.
Uwani ce ta kira motar asibiti, hannunta na rawa.

Likita ta juyo mini da hoton ƙodata.
Tsakuwa ce, ba ta kai ƙwayar dawa ba.
Ita ta kayar da ƙato.
Ɗan hakin da ka raina.
Ta ce, kofi nawa kake sha a yini?
Na buɗe baki, kunya ta riga ni magana.

Don na tuna rijiyar garinmu, gaba ashirin,
igiya tana cin tafin Inna,
tulu biyu kafin rana ta ɗaga,
amma randa ba ta taɓa kwana da ƙishi ba,
kuma ba a tambayar baƙo labarin hanya
sai moɗa ta je bakinsa ta dawo.
Ga ni nan, famfo a kicin, famfo a bayi,
kamu ɗaya tsakanina da shi,
na hana kaina abin da ba ta hana bare ba.

Yanzu akwai gora kusa da sitiyari.
Uwani ta ja mata layuka da jan alƙalami:
wannan kafin hantsi, wannan kafin azahar.
Na cire kunya na tambayi shugabanmu inda zan tsaya,
ashe wurin yana nan, ni ne ban tambaya ba.

Kai ya washe. Ciki ya daina riƙo.
Idona ba ya nauyi a gangaren yamma,
tsohuwar nan har sannu nake mata.

Tsakuwar tana cikin 'yar kwalba a kan kanta,
yara na kiranta baƙuwar Baba.
A ƙarshen layi nakan kashe inji,
in yi bisimilla, in sha cikin numfashi uku,
ruwa na sauka a kan gilashi,
ruwa na sauka a cikina.