Jitar Cipriano

A wani gangare a birnin Granada,
inda duwatsun hanya suka san takun kowa,
akwai shago mai ƙamshin gam da itacen al'ul.
Ni ke share shi.
Shekara huɗu ke nan Anselmo bai yarda
na taɓa wuyan tsohuwar jita ba;
rabona tsintsiya, sai tukunyar gam a kan wuta.

Ranar Talata, ana yayyafi,
Nieves ta shigo rungume da akwati
kamar mai kai jinjiri asibiti.
Ta ce, "Ta mahaifina ce.
Rufin ɗakina yoyo yake. Nawa za ta yi?"

Tsoho bai tanka ba. Hannu ya fara wankewa.
Ya ƙwanƙwasa cikinta da gaɓar yatsa
yadda ake zaɓen kankana,
ya kara kunne, ya daɗe a haka.
Sannan ya zura ɗan madubi ta bakinta,
na haska masa tocila, muka leƙa tare:
ƙura, busasshen gizo-gizo,
da rubutun fensir da ya kusa gogewa,
shekarar 1927,
da sunan wani masassaƙi
wanda goma sha ɗaya kacal ya ƙera,
yaƙi ya cinye shida.

Na ga maƙogwaron tsoho ya motsa.

"Yaro," ya ce, "itace sai ya bushe shekara da shekaru
kafin ya manta da daji ya koyi magana.
Sabuwa, abin da ka faɗa mata take maimaitawa.
Wannan kuwa tana mayar maka da martani.
Da tsohuwar zuma ake magani."

Ga inda farcen Cipriano ya cinye fenti
har katako ya yi fari kamar ƙashi.
Ga ƙunar taba a bisa kanta.
Ga tsaga siririya a haƙarƙarin hagu,
an ɗinke ta da gam, ɗinkin mai sauri.

Ranar Juma'a dillali ya sauka daga Hamburg
da farar safar hannu da gilashin ƙara girma.
Ya faɗi kuɗi.
Kuɗin da zai rufe ɗaki, ya sayi gidan maƙwabci,
har a sami canji.
Ya ce, "Kash, ba don tsagar nan ba, da na ƙara."
Nieves ta ce, "Ni ce tsagar.
Ina shekara biyar na faɗo da ita daga kujera.
Bai doke ni ba. Kwana ya yi yana ɗinki."

Dillali ya ce zai sa ta a gilashi,
ɗaki mai awon sanyi da awon laima,
ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba.
Anselmo ya dubi ƙasa:
"Jitar da ba a kaɗawa bebiya take komawa."

Ta sayar.
Ruwan sama bai san kiɗa ba,
kuma bokiti uku ne a ƙarƙashin rufinta.
Dare ɗaya kawai ta roƙa.

A daren tsoho ya ɗaura sababbin tsirkiyoyi,
ya ɗaga hannuwansa ya duba, suna rawa
kamar ganye a bakin rafi,
sai ya miƙo mini.
Ni.

Kiɗa uku na iya, ɗaya ma rabi.
Amma da na taɓa tsirkiyar ƙasa
sai na ji amon a ƙirjina kafin ya isa kunne,
mai kauri, mai ɗumi, da ɗan gurnani a ƙarshe,
irin na dattijon da ya tashi daga barci
yana tambayar wa ke nan.

Nieves tana bakin ƙofa, ta ba mu baya.
Da na gama ta ce,
"Ya fi ka iyawa nesa ba kusa ba.
Amma muryar, ita ce."

Da safe mota ta zo.
Na ɗauki tsintsiya.