Raken da Ya Biyo Mu Gida

Shekara talatin da huɗu Jagnandan yana saran rake
a gonakin da ke bayan Lautoka.
Ya fita da asuba, adda a kafaɗa,
ya dawo baƙi wuluk da tokar ganye,
ni kuma, Fulmati, in haɗa masa shayi cokali huɗu,
in ce sha abinka, kai ka noma shi.

Ranar da malamar asibiti ta soki yatsansa,
ta dubi na'ura, ta dube shi, ta sake duban na'ura,
dariya ya yi.
Ya ce, "Wanda na sare ne ya biyo ni gida ramuwa."
Ni ban yi dariya ba.
Baldewo na tuna, maƙwabcinmu,
da ƙafar wandonsa guda a naɗe da fil.

Tun daga nan na zama 'yar sanda a gidana.
Gwangwanin sukari ya koma bayan buhun shinkafa,
gurasa uku ta koma ɗaya da rabi,
rogo da gwaza sai ran Lahadi, su ma da awo.
Garafuni da safe, garafuni da dare,
har ya ce tukunyata ta koyi halina.
Mun yi faɗa kan ayaba guda.
Kwana biyu ba mu yi magana ba,
mu da muka binne ɗa tare ba mu ɗaga wa juna murya ba.

A bikin fitilu ya dawo daga gidan ƙanwarsa
yana rantsuwa ruwa kawai ya sha,
ga tururuwa sun yi layi zuwa aljihun rigarsa.

Sai daren guguwa.
Wuta ta ɗauke, kwanon rufi yana kuka,
ruwan allurarsa na naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma.
Can tsakar dare na taɓa shi, sharkaf da gumi,
ido a buɗe, bai san sunana ba.
Na yi rarrafe cikin duhu zuwa bayan buhun shinkafa.
Abin da na shekara biyu ina ɓoye masa,
shi na dama da yatsa, ina ɗura masa ina roƙo:
haɗiye, don Allah haɗiye.
Da ya dawo hayyacinsa, ya lashi leɓe,
ya ce, "Ashe nan kika ajiye shi."

Bara na fara tashi fitsari sau biyar kafin gari ya waye,
ƙishi kamar na haɗiyi gishirin teku.
Na yi shiru. Shi ya lura.
Ya kamo hannuna, ya soki yatsana da kansa,
ya daɗe yana kallon lambar.
Na jira gori. Ai yana bi na bashin gori.
Sai ya tashi ya ɗora ruwa,
ya kawo kofi biyu, babu sukari ko ƙwaya,
ya ce, "Makon farko ne mai wuya."

Yanzu littafi guda muke rubutu, shafinsa hagu, nawa dama.
Shi ke zura mini zare tunda idona ya fara hazo,
ni ke yanke masa farce, a hankali, a hasken taga.
Da yamma mu taka har layin dogo,
ƙaramin jirgin rake ya wuce mu yana ƙugi zuwa injin matsa,
iska ta kwaso ƙamshin maɗi,
mu shaƙa, tunda shaƙa dai likita bai hana ba.

Kafin barci ya ɗora ƙafarsa a cinyata.
In duba tsakanin yatsu, in duba dunduniya,
in tsikare shi da tsinke. "Ka ji?"
"Na ji."
Wani daren sai ya ɗan jinkirta kafin ya amsa.
Sannan ya ce, "Miƙo taki."