Milimita Ɗaya a Yini

Igiyar jirgi ta fizgi hannun Eleuterio
da asubar wata Laraba, a tashar Talcahuano.
Ƙashi bai karye ba, fata ba ta tsage ba,
amma jijiyoyi biyar sun tumɓuke daga laka
kamar ciyawa a ƙasa mai laima.
Ya zo mana hannu na reto,
tamkar na rigar da aka rataye a ƙusa.

Abin da aka tumɓuke ba ya komawa raminsa.
Sai muka je aro wajen haƙarƙari:
jijiyoyi biyu sirara, masu aikin numfashi.
Na ɗinka su da zaren da gashi ya fi shi kauri,
awa bakwai, idona a bakin madubi,
ƙafata ta mutu ban sani ba.

Shekara goma sha ɗaya ina fama da ɓeraye
a ɗakin gwaji na ƙarƙashin bene,
ina ƙirga zare-zaren da suka tsiro,
ina rubuta takardun da mutum ashirin ke karantawa.
Ban ƙara wa jijiya sauri ba.
Milimita ɗaya a yini. Ba ta jin magiya,
ba ruwanta da wa'adin kuɗin bincike.

Duk wata yana zuwa da ƙarnin kifi a rigar sanyi,
in ƙwanƙwasa damtsensa da yatsa
kamar baƙuwa a ƙofar gidan da aka kulle.
"Nan?" "A'a." "Nan fa?" "Kamar tururuwa."
In ɗiga biro, in auna, in rubuta.
Matarsa Brunilda ta hana shi wanke ɗigon.

A wata na tara, ana yayyafi,
mura ta kama shi, ya yi tari a kujera,
sai hannun ya zabura.
Muka yi tsit.
Na ce, "Sake." Ya sake. Gwiwa ta lanƙwashe.
Dariya ta ƙwace masa, hannun ya taya shi.

Bai san shi hannu ne ba tukuna,
yana zaton har yanzu ƙirji ne.
Saura ƙwaƙwalwa ta koyi sabuwar hanya:
shekara ɗaya, ko biyu, ban yi alkawari ba.
Yatsu kuwa, na faɗa masa, da wuya su dawo.
Ya ja dogon numfashi zai ba ni amsa,
hannun ya ɗago kamar mai sallama.

Na cika fom: majiyyaci na sha huɗu, motsi mataki na biyu.
Sauran, babu gurbinsa a takardar.