Baƙi Biyu a Shagon Sagiru

Ranar da kuɗin sallama suka fito,
bayan shekara tara ina zarya Kakuri,
ban tsaya sayen buhun shinkafa ba.
Na hau bas daga Unguwar Mu'azu,
ambulan a aljihun ciki, hannuna a kansa.

Tsohuwar talabijin ɗinmu mai doro ta mutu da azumi.
Ƙara ɗaya ta yi, ta bar ɗigo fari, ta tafi.

Shagon Sagiru, bango guda duk fuska ne.
Ƙwallo ɗaya ta shiga raga sau goma sha biyu.
Ya ce, "Baba, ga filasma, ga elsidi,
duk shafaffu ne kamar faranti,
hali ne kawai ya raba su."

Ni da na yi shekara ashirin da shida a sashen rini,
ba a koya mini baƙi.
Na ce ya sa mini inda dare ya yi.
Filasma ta ba ni baƙi na gaske,
irin wanda muke tsomawa sau uku,
wanda ba ya zuba ko an wanke shi a kogin Kaduna.
Na elsidi kuwa, Allah Sarki,
baƙin wandon makaranta ne a zango na uku,
toka-toka, yana jin kunyar kansa.

Zuciya ta riga ta miƙa hannu.
Sai Sagiru ya ɗora tafina a bayanta:
zafi, kamar murhun da aka sauke tuwo.
"Tana cin wuta, Baba. Wane mita gare ku?"
Na ce mai kati. Ya sosa ƙeya.
"Janareto fa?" Na ce ɗan ƙarami,
wanda in an kunna fanka sai ya yi tari.
Ga nauyi, sai ƙarti biyu,
ga bangon gidan haya,
yashi ya fi siminti yawa.

Elsidi ba ta da wannan fitina.
Yaro ma ya saɓa ta a kafaɗa,
hasken tagarmu ta gabas ba zai kashe mata ido ba.
Na fara lissafi kamar mai hankali.

Sai na tuna inda Delu take zama.
Ba ta son kujera, ba ta zama gaba.
Tabarma take shimfiɗawa can gefe, bakin ƙofa,
tana tsince wake,
tana bin labarai da wutsiyar ido.
Na taka lungun shago, na tsuguna daidai tsayinta.
Daga nan elsidi ta koɗe, mutane suka zama fatalwa.
Filasma ko gezau.

Sagiru ya ce, "Saura aibi ɗaya.
In hoto ya daɗe wuri guda,
tambarin tasha ko agogon kusurwa,
sai ya kama jikinta.
Ka kashe, ka kunna, inuwarsa na nan."
Na ce, yaro, wannan ciwo na san shi.
Masaƙa ta rufe tun kana firamare,
har yau in na rintse ido
zanen atamfa nake gani yana wucewa.

Na kira ta a waya na zayyana mata duka,
baƙin, da zafin, da mita, da bakin ƙofa.
Ta yi shiru. Ina jin wake yana zuba a kwano.
Ta ce, "Malam, tabarma ce fa, ba gini ba.
Sayo wadda ba ta cin wuta, zan matso.
In canji ya ragu, ka taho da manja."

Na ɗauki kwalin elsidi, sakayau kamar ba kuɗina a ciki.
A bakin ƙofa na waiga sau ɗaya.
Dare ya sake yi a allon filasma,
baƙi wuluk,
kamar ni na rina shi.