Gurbin Sana'a

Takarda ta zo daga Yamai ranar Talata.
Masu tallafi na son sanin wa da wa ke riƙe da makarantar kurame:
suna, shekaru, sana'a.
Gurbin sana'ar bai kai tsawon ɗan yatsa ba.
Ni da na tsufa ina buga hatimi a gidan waya,
ni aka tura wa alƙalami.

Falmata Kiyari, shugaba. Ungozoma.
Kalmar ta zauna daram.
Abin da ya ƙi shiga:
shekara talatin tana tsaye tana jiran kukan farko,
sai da ta ajiye aiki ta soma tambayar kanta
ina jariran da suka yi kukan amma ba su ji shi ba.
Ta bi su ƙofa ƙofa, daga Birni har Garin Malam.
Wani ta iske shi ya yi gemu.

Barma Mato, ɗan duwan,
ya ƙare ƙuruciyarsa yana caka buhu a hanyar Magariya.
Yanzu shi ne ma'aji.
Alli ma sai ya ƙirga,
dala ba ta tsallake teburinsa ba takarda.
Duk shekara muna jin haushinsa
har ranar da za a rufe lissafi.

Mushe Ɗan Jimma ya koyar da yara masu ji,
muryarsa ta dushe wajen cewa a yi shiru.
Ga shi nan ya samu shirun.
Yatsunsa sun sandare, shi ne ɗalibin baya,
ya tashi gaida darakta da hannu
ya ce masa akuya.
Yara sun yi mako suna maimaitawa.

Akwai Gonda na kamfanin ruwa,
wanda unguwa ke ambato in famfo ya bushe.
Ya zaci a nan zai huta.
Sunansa a wurin yaran: hannu na murɗa famfo, sai a buɗe tafi, wayam.

Hashimu majemi bai san baƙi ba,
hannunsa warin bagaruwa ko ranar Juma'a.
Mun taɓa shafe awa biyu, mu masu satifiket,
muna gardamar kuɗin ƙararrawa.
Ƙararrawa, a makarantar kurame!
Bai ce uffan ba.
Washegari ya shigo da ganga ya kafa ta a kan daɓe,
bugu ɗaya, yara suka juyo,
sun ji ta a tafin ƙafa, sun ji ta a haƙarƙari.
Yaya zan cusa wannan cikin "majemi"?

Saura Ta-Sallah.
Na ce, Sana'a?
Ta gyara mayafi ta ce, Babu.
Ɗanta Laminu ya kwanta zazzaɓi yana shekara biyu,
ya tashi duniya ta yi tsit.
Ba littafi, ba malami,
a bakin murhu ta ƙago masa ruwa,
ta ƙago wuta, kunama, kada ka taɓa,
babanka ya tafi Agadas, zai dawo.
Zai dawo ɗin nan ya ci mata wata uku.
Rabin abin da hannuwa ke faɗi a tsakar makarantar nan
daga madafinta ya fito,
Mushe kansa wurinta yake biya.

Na riƙe alƙalami har la'asar ta sauka kan duwatsu.
Barma ya ce a rubuta matar gida a wuce wurin.
Falmata ta dube shi irin duban da take wa miji mai leƙen ɗakin haihuwa.

Na soma daga cikin gurbin,
na ƙetare layi, na gangara gefen takarda,
na juya bayanta.
Barma ya ce Yamai za su maido mana da ita.
Na lashi ambulan na rufe.
Tambur dai na san kuɗinsa.