Ƙiyasi a Ƙoƙi

Ofis ya aiko ni da fom mai layi goma sha biyu,
biro a aljihu, tef ɗin awo a jaka.
Na jingine babur a bakin lungu,
lungun Ƙoƙi ƙafa ya sani, bai san taya ba.

Malam Tanimu ya buɗe ɗakin soro.
Tun daren da gobara ta lashe shagon maƙwabci
barcinsa ya koma gyangyaɗi.
"Takaful kuka ce, ko? To, ɗana,
rubuta su duka, kowa da kuɗinsa."

Kanta bisa kanta.
Biri mai dukan ganga, sojojin dalma sun ja sahu,
bas mai hawa biyu, ja kamar gauta.
Can ƙololuwa jirgin ƙasa na ƙarfe,
mabuɗinsa a gadon baya,
wanda mahaifinsa ya sayo a kantin wani Kwara
shekarar da fam ya ba naira wuri.
Yana kwance a kwalinsa, ko ƙwarzane babu.

Wannan na san hanyarsa.
Na latsa waya, na ga abin da masu gwanjon ƙetare ke zubawa,
na jera sifiri shida a bayan lamba.
Malam ko gira bai ɗaga ba.
"Baba ya hana a taɓa shi," ya ce,
"kallo kawai, ranar Juma'a, hannu a baya.
Ashe rashin wasa ne tsadarsa."

Sai ya durƙusa, gwiwa tana ƙara,
ya jawo wata daga ƙarƙashin gado:
motar kara, tayoyin sakaina,
fitilunta marfin kwalba,
an ɗaure ƙugunta da zaren buhu.

Fom ya ce: kamfanin da ya ƙera.
"Yayana Sidi, yana ɗan shekara tara."
Fom ya ce: rasit.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Fom ya ce: lafiyayya, matsakaiciya ko lalatacciya?
"Ta je Legas sau ɗari daga zaure zuwa madafa.
Taya ɗaya ta faɗa kududdufi,
kududdufin ma an cike shi, shaguna ne yanzu."
Fom ya ce: kuɗin maye gurbi.

Nan ya yi shiru.
Na ji mai kunun zaƙi yana wucewa a waje.
"Kara ai kyauta ne bayan girbi.
Hannun ne ya daɗe a maƙabarta."

An koya mini kaso cikin ɗari,
faɗuwar daraja, tashin dala,
ba a koya mini wannan layin ba.
Sifiri ƙarya ne, miliyan ma ƙarya.
Biro ya tsaya a iska kamar shirwa.

Ya sa hannu a kan na jirgin da sojoji,
ya ƙirgo kuɗin shekara daga aljihun 'yar ciki.
"Bar gurbin nan fari, kada manaja ya yi maka faɗa.
In wuta ta zo, ku biya ƙarfe.
Wannan, inshorarta hammatata ce."

Ina ɗaura hular kwano a bakin lungu
na jiyo wani sauti daga soro,
ƙiiii, ƙiiii, sakaina a kan siminti,
da muryar tsoho tana kwaikwayon inji,
tana canza giya.