Dabinon Mutari

Ni ne Mutari baduku, ɗan Girema na Birni.
Lamba dubu huɗu da ɗari shida da tara.
Shekara uku ba wanda ya kira ni da suna,
lambar kuwa har gobe tana kwana a bakina.

Ba zuwa na yi ba, kai ni aka yi.
Mai unguwa ya ƙirga mu kamar buhunan gyaɗa,
lokotoro ya duba haƙorana,
ya ƙwanƙwasa ƙirjina kamar mai sayen tulu.
Na bar basilla a soke cikin jar fata,
kube rabin ɗinki,
kamyo ya yi yamma da mu.

A teku Illiya na Mirriya ya kwana tara yana amai.
Da ya samu kansa ya leƙa, ya ce,
"Wannan ruwa duka,
ga Damagaram can tana sayen garwa!"
Muka yi dariya. Ita ce ta ƙarshe mai daɗi.

Aljeriya.
Duwatsu irin namu, sai dai sanyi mai tauna ƙashi.
Sarsan ya ce ƴan fashi ne ke bisa tsaunin.
Muka ce to.
Wanda ya ci ladan kuturu, ai ka san sauran.

Wata asuba muka kewaye wani ƙauye,
gida bai fi ashirin ba.
Bayan danga ga tsoho da buta,
alwala yake, ya kai gwiwar hannu.
Ya ɗago, ya ga baƙin mutum da bindigar Anasara,
ya ce, "Salamu alaikum."
Bakina ya riga ni amsawa.
Sai sarsan ya busa usur.

Abin da ya biyo baya ban gaya wa Cima ba,
shekara arba'in muna tabarma guda.
Hayaƙi. Awaki na gudu da igiya a wuya.
Buta a kife, ruwa na bin ƙasa a hankali.
Harbi biyu na yi sama, wannan na rantse.
Na ukun ban san inda ya nufa ba.
Shi ne ke tashe ni kafin ladan.

Da za mu tafi, wata mata da muka ƙone wa rufi
ta kama hannuna ta danƙa mini dabino uku.
Ba ta dube ni ba.
Sadaka ce ko tsinuwa, har yau ban warware ba.
Illiya ya ci guda.
Kwana shida, muka tara masa duwatsu, ba liman.
Na ci guda.
Ƙwallon na ukun na ɗinke cikin layata.

Na dawo na tarar da sabuwar tuta a bariki,
ƴan lakwal a jere suna rera ƴanci.
Abin da aka biya ni in hana wasu
shi ake wa guɗa a ƙofar gidanmu.
Na tsaya baya.
Lambar yabon da ke aljihuna
ta yi nauyin dutsen niƙa.

Duk wata uku nakan karɓo fansho.
Gero nake saya. Gero ba ya tambaya.

Ƙwallon na binne bayan ɗaki,
na rene shi da ruwan alwala
a garin da ruwa ke da kuɗi.
Ya tsiro, ya wuce katanga, ya wuce soron maƙwabta.
Ashe namiji ne. Ko ɗa guda bai taɓa yi ba.
Cima ta ce a sare a yi azara.
Na ce a bar shi.
Ta riga shi tafiya.

Jiya jikana Rabe yana riƙe mini bakin fata,
ya ce, "Kaka, ka taɓa kashe mutum?"
Na ce, "Ja da kyau, ɗinkin zai karkace."

Yanzu a gindinsa nake alwalar asuba.
Hannu, baki, hanci, fuska, duk lafiya.
In na kai gwiwar hannu sai in tsaya,
ruwa na ɗiga,
ina jiran usur.